Babi na Shida: Hannun da Ya Fi Kusa

Ranar Asabar ce, 12 ga Yuni, 2021, tsakanin La'asar da Magariba. Muna zaune a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, janareta na ruri a waje, samari sun cika benci. Denmak da Finlan ne ke karawa a filin Parken na birnin Kofenhagen, a gasar cin kofin nahiyar Turai. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci aka jefo wa Christian Eriksen ƙwallo daga gefen fili. Ya nufo ta, ƙafafunsa suka sage, ya kife da fuska ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wani yaro a bayana ya ce, "Kai, wannan fa ba faɗuwar neman fawul ba ce."

Nan take alƙalin wasa, Anthony Taylor, ya yafito ma'aikatan lafiya. Kyaftin ɗin Denmak, Simon Kjær, yana cikin waɗanda suka fara isa kansa. Sauran 'yan wasan suka jeru suka yi masa katanga da jikinsu, wasu na sharar hawaye. Ta tsakanin ƙafafunsu muka hango mutum a durƙushe yana danna ƙirjinsa da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya zare hularsa, ya yi salati, ya ce, "Haka Okwaraji ya yi. A rediyo na ji da kunnena. Wannan yaro ya tafi."

Dattijon yana da dalilinsa. Ranar 12 ga Agusta, 1989, a babban filin wasa na Surulere a Legas, Najeriya na karawa da Angola a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a minti na 77. Shekarunsa 25, kuma bai sake tashi ba. Ranar 26 ga Yuni, 2003, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa, a wasansu da Kolombiya, shi ma ya rasu yana da shekara 28. A kusa da mu ma, ranar 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya lokacin wasansu da Katsina United, rai ya yi halinsa. Duk wanda ya san waɗannan labarai, in ya ga ƙaƙƙarfan saurayi ya zube haka kawai, abin da zai zo masa a rai ɗaya ne.

Amma Eriksen bai tafi ba. Likitan tawagar Denmak, Morten Boesen, ya bayyana daga baya cewa zuciyarsa ta tsaya, suka fara danna ƙirji, suka manna masa na'ura ta jona shi sau ɗaya, ya dawo. Kafin a fitar da shi daga fili ya buɗe ido. Abubuwa biyu ne suka dawo da shi da izinin Allah: hannuwan da suka san abin yi, da wata na'ura da ba ta fi jakar makarantar yaro girma ba. Kuma duk biyun sun iso kansa cikin 'yan mintoci.

Lugude da ya rikice

Muna yawan cakuɗa abubuwa biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, "bugun zuciya". Na farko toshewar jijiyar da ke shayar da naman zuciya ce. Mai wannan yakan ji ƙirji ya yi masa nauyi kamar an aza dutse, gumi ya karyo masa, ciwon ya sauka hannu ko ya hau muƙamuƙi, amma yana magana, yana numfashi. Magani a nan shi ne a garzaya da shi asibiti. Na biyu shi ne tsayawar zuciya, wato ta daina tura jini gaba ɗaya. Cikin daƙiƙu kaɗan mutum zai sume ya faɗi. Toshewar jijiya takan jawo tsayawar zuciya, haka ma wasu cututtukan zuciya da ake gada, da jan wutar lantarki, da nutsewa a ruwa.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke, kowace ta san lokacinta, hatsi na dakuwa. Haka zuciya ke aiki. Akwai wani ɗan gurbi a samanta da ke aika saƙon lantarki sau 60 zuwa 100 a minti, naman zuciya ya matse a tare, ya saki a tare, jini ya zaga jiki. A tsayawar zuciya ta farat ɗaya, sau da yawa lugude ne ke rikicewa. Kowace tsoka ta shiga bugun gaban kanta, taɓare na karo da juna, zuciya na karkarwa amma ko cokali ɗaya na jini ba ya fita.

Na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ake rubuta AED a jikinta, aikinta irin na uwargida ne da za ta daka tsawa ta ce kowa ta tsaya. Wutar da take jonawa tana tsayar da duk tsokokin a lokaci guda, don gurbin nan mai ba da umarni ya samu sararin sake ɗaukar lugude daga farko. Sai dai karkarwar nan ba ta daɗewa. In aka bar ta, ƙarfinta na raguwa har zuciya ta yi shiru ɗungurungum, a lokacin kuwa jona wuta ba ya amfani.

Ƙwaƙwalwa ta fi zuciya gajen haƙuri. In jini ya daina kai mata iska, daga minti 4 zuwa 6 take fara lalacewa, kuma abin da ya lalace ba ya gyaruwa. Masana sun ƙiyasta cewa duk mintin da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a jona na'ura ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Mai karatu ya lissafa da kansa: daga ƙofar gidansa zuwa asibiti mafi kusa, a cunkoson yamma, minti nawa ne?

Abin da muke yi in mutum ya faɗi

Akwai wani maƙwabcinmu mai shagon kayan masarufi, mutum mai fara'a, ya kusa shekara 55. Wata safiya yana auna wa wata yarinya sukari ya sulale a bayan kanta. Ina cikin waɗanda suka ruga. Muka fito da shi bakin shago, muka jingina shi da buhun shinkafa. Wani ya kwarara masa ruwa a ka, wani ya cire rigarsa yana yi masa fifita, wani ya fasa albasa ya kai masa hanci, wani na neman cokalin da za a sa masa a baki kada haƙora su datse. Yana jan wani irin numfashi jefi-jefi, da ƙara kamar minshari, baki na buɗewa yana rufewa. Muka ce, "Alhamdu lillahi, da sauran numfashi." Aka tare Adaidaita Sahu, muka naɗe shi a kujerar baya, mutum biyu suka riƙe shi. Mun fi minti 25 a hanya. Likita ya duba idonsa, ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya ɗago ya ce, "Sai haƙuri."

Mu fiye da ashirin ne a wurin, babu wanda bai so shi ba, babu wanda bai yi iya saninsa ba. Sai bayan shekaru, a ɗakin koyon agajin gaggawa, na gane cewa numfashin da ya kwantar mana da hankali shi ne babbar shaidar zuciyarsa ta tsaya. Kakari ne da ƙwaƙwalwa ke yi in jini ya yanke mata, kuma yana nuna akwai sauran dama in an fara danna ƙirji nan take.

Wannan ruɗani ba namu ba ne mu kaɗai. A 2011, a birnin Saitama na Japan, wata ɗaliba 'yar shekara 11 ta faɗi bayan atisayen gudu a makaranta. Akwai na'urar AED a cikin makarantar, amma malamai suka ga tana wannan kakarin suka ɗauka numfashi ne, ba a danna ƙirjinta ba, ba a ɗauko na'urar ba, yarinyar ta rasu. Iyayenta suka haɗa kai da hukumar ilimi ta birnin aka tsara sabon horo ga malamai, wanda ginshiƙinsa shi ne: in kana shakka ko numfashi ne ko ba numfashi ba, fara dannawa.

Na san abin da wani zai ce: kwana ya ƙare, ajali ba ya jira. Gaskiya ne, kuma babu mai imanin da zai musa. Amma ba mu san ranar kowa ba, shi ya sa muke kai mai naƙuda asibiti, muke tsamo wanda ya faɗa rijiya, muke neman maganin sarar maciji. Danna ƙirji sababi ne kamar sauran sabubba. Wanda kwanansa ya ƙare zai tafi ko da likitoci goma na kansa. Wanda ke da sauran shan ruwa kuwa, wataƙila hannunka ne Allah ya ajiye masa.

Yadda aikin ya fito daga ɗakin tiyata

Kafin 1960, in zuciyar mutum ta tsaya a asibiti, sai likita ya tsaga ƙirji ya sa hannu ya riƙa matsa ta. A haka Claude Beck ya fara ceto mutum da wutar lantarki a 1947 a birnin Cleveland na Amurka, wani yaro ɗan shekara 14 da ake yi wa tiyata. Wanda ya faɗi a gona ko a kasuwa ba shi da rabo a wannan ilimi.

A jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, wani injiniyan lantarki, William Kouwenhoven, da abokan aikinsa Guy Knickerbocker da likita James Jude, suna gwaji a kan karnuka. Knickerbocker ya lura cewa in ya danna ƙarafan na'ura masu nauyi a ƙirjin kare, awon jininsa na ɗagawa. Ashe matsa ƙirji daga waje na iya tura jini. A 1960 suka wallafa sakamakon marasa lafiya 20 da aka yi wa haka, 14 suka rayu. Kafin nan likitoci biyu, James Elam da Peter Safar, sun tabbatar da cewa iskar da mutum ke fitarwa ta isa ta riƙe ran wani in an hura masa baki da baki. Aka haɗa biyun, aka samu abin da duniya ke kira CPR a yau. A shekarar dai, wani mai ƙera kayan wasan yara a garin Stavanger na Norwe, Asmund Lærdal, ya fito da mutum-mutumin roba da ake koyon aikin a kansa, wanda har gobe jikokinsa ne ake shimfiɗawa a ɗakunan horo.

Saura na'ura. A Belfast ta Ireland ta Arewa, likitan zuciya Frank Pantridge ya ga cewa yawancin masu wannan lalura suna mutuwa tun kafin su iso asibiti, ya ce to a kai musu asibitin inda suka faɗi. A 1965 ya haɗa na'urar farko da za a iya ɗauka, mai nauyin kilo 70, tana aiki da batirin mota. Zuwa 1968 ya rage ta ta koma kilo 3. A Seattle ta Amurka kuma, likita Leonard Cobb ya kafa tawagar agajin gaggawa a 1970, ba da jimawa ba ya ga ko su ba sa isa da wuri, sai ya shiga koyar da mutanen gari. Kowane mataki a wannan tarihi hanya ɗaya ya bi: daga hannun likitan tiyata zuwa na ma'aikacin motar asibiti, daga nan zuwa hannun maƙwabci.

Yadda ake yi

In babba ya faɗi a gabanka, fara duba ko wurin lafiya, musamman in akwai wayar lantarki ko motoci. Durƙusa, daddaɓa kafaɗarsa, kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, dubi ƙirjinsa na daƙiƙa 10 kawai. In yana numfashi daidai, ƙirji na hawa yana sauka kamar na mai barci, kwantar da shi ta gefe ka jira taimako. In ba ya numfashi, ko kakari yake yi, ɗauka zuciya ta tsaya. Kada ka ɓata lokaci wajen lalubar jijiya. Wani lokaci yakan ɗan yi fizge-fizge a farko har a zaci farfaɗiya ce, don haka numfashin za a duba.

Kada ka ce "a kira mota", domin kowa zai zaci wani zai kira. Nuna mutum ɗaya: "Kai mai jar hula, kira 112, ka nemo mota." Nuna wani: "Ke, duba ko akwai na'ura ko ma'aikacin lafiya a kusa." Sannan ka kwantar da shi rigingine a kan abu mai tauri. In a kan katifa yake, sauko da shi ƙasa. Ɗora tudun tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, a kan ƙashin, ka ɗora ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, kafaɗunka su daidaita a saman hannuwanka. Danna da nauyin jikinka har ƙirji ya shiga santimita 5 zuwa 6, ka bar shi ya dawo, ka sake. Sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa.

Wanda ya samu horo yakan danna sau 30 ya hura iska sau 2. Wanda bai samu ba, ko yake ƙyamar sa baki, ya danna kawai. Tun 2008 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta amince da dannawa zalla ga babban da ya faɗi farat ɗaya, domin jininsa na ɗauke da sauran iskar da za ta kai shi wasu mintoci. Yara da wanda aka tsamo daga ruwa su ne suka fi buƙatar hurawa, don matsalarsu daga numfashi take farawa. Ga ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa, ga jariri manyan yatsu biyu.

Aikin da gajiya. Bayan minti 2 hannu kan yi sanyi ko da mai shi bai ji ba, don haka a riƙa karɓa-karɓa. Ba ruwa, ba albasa, ba cokali, ba ɗurawa. Kada a tsaya sai ya motsa ya koma numfashi, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa. In dole ce ta sa za a ɗauke shi, a nemi motar da za a shimfiɗe shi a ci gaba da dannawa a hanya.

Wanda ke tantamar ko hannu na iya riƙe rai ya tuna da Fabrice Muamba, ɗan wasan Bolton haifaffen Kinshasa. Ranar 17 ga Maris, 2012, ya faɗi a filin Tottenham a Landan. Zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, aka jona shi sau 15, ana ta dannawa daga fili har asibiti. Ya farka da hankalinsa, ya gane iyalinsa.

Na'urar da ke magana

Danna ƙirji jinkirta mutuwa yake yi, na'ura ce ke gyara lugude. AED ta zamani an yi ta ne don wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba. Ka kunna ta, ta fara yi maka magana mataki-mataki. Akwai faifai biyu masu gam da hoton inda za a manna su a fatar ƙirji: ɗaya a ƙasan ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata. In ƙirjin a jiƙe yake a goge. Ita za ta karanta zuciyar da kanta. In ta ga karkarwar da wuta ke gyarawa, za ta ce kowa ya janye hannu, a danna maɓalli. In ba ta gani ba, ba za ta saki wuta ba ko an danna. Da an jona, a koma kan ƙirji nan take.

A 2000 aka wallafa wani bincike da aka yi a gidajen caca na Amurka, inda aka koya wa masu gadi amfani da ita. Cikin waɗanda aka ga faɗuwarsu kuma zuciyarsu ke karkarwa, waɗanda aka jona cikin minti 3 kashi 74 cikin 100 suka rayu. Waɗanda aka wuce minti 3 kafin a jona su, kashi 49. Masu gadi ne suka yi wannan, ba likitoci ba. Japan ta halatta wa kowa amfani da na'urar a 2004, yau ana ganinta a tashoshin jirgin ƙasa da makarantu da kantuna.

Mu tambayi kanmu inda jama'armu ke taruwa. Masallatan Juma'a da filayen Idi. Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi da Dawanau. Manyan tashoshin mota, filayen jirgin sama, sansanonin alhazai, jami'o'i, filayen ƙwallo. Kuɗin na'ura ɗaya yakan kama daga dala dubu ɗaya zuwa dubu biyu. Ga mutum ɗaya da yawa ne, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwar da ke sayen janareta ba, ko attajirin da ke shimfiɗa wa masallaci kafet yana sa na'urar sanyaya ɗaki. Sadaka ce mai gudana. Ba ta dogara da wutar gari ba, batirinta na yin shekaru. Abin da take buƙata shi ne inuwa, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin duba batiri da ranar lalacewar faifanta. Sannan a rataye ta inda ido ke gani, hannu ke kaiwa. Na'urar da aka kulle a ofishin shugaba, mabuɗi na aljihunsa ya tafi ɗaurin aure, daidai take da babu.

Abubuwa uku da ke riƙe hannu

Na farko tsoron yin ɓarna. "In na karya masa haƙarƙari fa?" Yakan faru, musamman ga tsofaffi, kuma haƙarƙari na ɗoruwa. Wanda zuciyarsa ta tsaya babu abin da za ka yi masa da ya fi barinsa muni. In kuma ashe suma ce kawai, zai motsa ya ture hannunka.

Na biyu kunya, in mace ce ta faɗi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya gano cewa a bainar jama'a kashi 45 cikin 100 na maza ne ke samun mai danna musu ƙirji, mata kuwa kashi 39. In haka ne a can, mu da kunya ta fi yi wa katutu sai mu yi wa kanmu faɗa. Malamanmu sun san hukuncin larura, kuma ceton rai na gaba. Mata su kewaye ta da mayafai kamar yadda 'yan wasan Denmak suka kewaye ɗan'uwansu, in akwai macen da ta iya ta yi, in babu namijin da ke kusa ya yi. Maganin wannan matsala na dindindin shi ne a koya wa mata da yawa. A Amurka kusan bakwai cikin goma na irin wannan faɗuwa a cikin gida take faruwa. A gidajenmu kuwa, wa ke kusa da tsoho in ya faɗi a tsakar gida da hantsi? Matarsa ce, ko 'yarsa, ko surukarsa.

Na uku tsoron hukuma: kada ya mutu a hannunka a ce kai ne. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ya sa mutane da yawa sun tsaya daga nesa suna ɗaukar hoto da waya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibitocin Najeriya ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Ya kamata majalisu su ƙara da doka bayyananniya da ke kare duk wanda ya taimaka da kyakkyawar niyya, a kuma karantar da 'yan sanda ita. Kafin nan, ka sa mutanen wurin su zama shaidunka, ka yi aikinka.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Abin da muka gani a filin Parken ba dace ba ne kawai. A 2001, cikin mutanen da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti a Denmak, kashi 21 cikin 100 ne ke samun wanda zai danna musu ƙirji kafin mota ta zo. A 2005 aka wajabta koyar da aikin a makarantun firamare, a 2006 aka sa shi cikin sharuɗɗan samun lasin tuƙi. Aka rarraba na'urori, aka yi musu rajista don mai amsa kiran gaggawa ya san wadda ta fi kusa. Zuwa 2010 masu samun taimako sun kai kashi 45, masu rayuwa bayan kwana 30 kuma sun tashi daga kashi 3.5 zuwa 10.8. Ninki uku cikin shekara goma. Daga 2017 suka ƙara da manhajar waya da ke tayar da 'yan sa-kai na kusa, wasu su ruga wurin wanda ya faɗi, wasu su biya su ɗauko na'ura.

Alƙaluman sun nuna wata gaskiyar kuma: ko a can, yawancin waɗanda zuciyarsu ta tsaya ba sa tashi, kuma wanda ya tashi yana buƙatar asibitin da zai karɓe shi ya gano musabbabi. Wanda ya danna ƙirji mutum bai dawo ba, bai gaza ba. Ya ba shi damar da ba shi da ita ne, ya kuma huta da "da na sani".

Ba sai mun jira motocin asibiti sun wadata ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan kiran a riƙa koya wa yara wannan aiki daga shekara 12, awa 2 kacal a shekara. Muna da inda za mu zuba shi. Muna da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da ke tsaye a kowane taron wa'azi da sallar Idi, da Ƙungiyar Red Cross da ta daɗe tana koyar da agajin farko. Muna da Islamiyyun matan aure, da makarantun sakandare, da masu yi wa ƙasa hidima, da ƙungiyoyin direbobi da 'yan Adaidaita Sahu waɗanda su ne motar asibitin talaka. Mutum-mutumin roba ɗaya da malami ɗaya sun isa su horar da unguwa guda cikin wata. Ranar 16 ga Oktoba ta kowace shekara an ware ta a duniya don wannan koyo, limami na iya sanar da ita daga mumbari.

An dasa wa Eriksen 'yar ƙaramar na'ura a ƙirji mai gadin zuciyarsa. A Fabrairun 2022 ya koma fili da rigar Brentford. Ranar 16 ga Yuni, 2024, kwana 1,100 cif bayan faɗuwarsa, ya ci wa Denmak ƙwallo a ragar Sulobeniya a irin gasar da ya faɗi a cikinta. A gidan kallon nan na kalla, samari suka miƙe suna tafi har da waɗanda ba sa goyon bayan kowa.

A hanyar komawa gida na bi ta gaban shagon maƙwabcinmu. Babban ɗansa ne ke ciki yanzu, yana auna sukari a ma'aunin mahaifinsa. Shi ne ya fara rubuta sunansa ranar da muka kawo mai koyarwa zauren mai unguwa. Na ga lokacin da ya durƙusa gaban mutum-mutumin, ya ɗora tudun hannunsa a tsakiyar ƙirji, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya fara ƙirgawa da ƙarfi. Da ya gama, ya share gumi ya ce wa mai koyarwar, "Malam, mako mai zuwa zan kawo Inna da ƙannena."